Iyalin Benson da Mutanen Karen: Wa Ke da Biyayyarmu ta Fari?

Karatu: Rut 1:6-18, Ayyukan Manzanni 6:1-7



A garuruwanmu da yawa akwai gidan da ake cewa kakansu ya je yaƙin Bama. Ba Bama ta jihar Borno ake nufi ba, ƙasar nan ce ta Asiya da yanzu ake kira Myanmar. Dubban sojojin Najeriya, waɗanda Hausa ce harshensu na bariki, sun gwabza da sojojin Japan a dazuzzukan ƙasar a 1944 da 1945. Yaƙinsu ya ƙare, waɗanda suka rayu suka komo gida. Amma a ƙasar da suka baro akwai wata al'umma da yaƙinta ya soma a 1949, kuma har yau bai ƙare ba. Su ne mutanen Karen. Sunan ba shi da alaƙa da kalmarmu ta Hausa mai kama da shi. Bamawa suna kiransu Kayin, babban reshensu kuma, wato Sgaw, suna kiran kansu da wani suna mai ma'anar "mutane" kawai. Suna zaune a bakin kogin Irrawaddy da kuma tuddan gabas, kan iyaka da Tailan.

Mun kawo labarinsu a wannan mako domin tambayar da ta dame su shekara saba'in da 'yan kai ita ce take jiran kowane matashi mai bi a cikinmu: idan ƙabila, da ƙasa, da gida, da bangaskiya suka ja mutum wurare dabam-dabam, wa zai fara bi? Ra'ayinmu shi ne ƙaunar al'ummarka abu ne mai kyau a gaban Allah, amma ranar da aka mai da sunan Almasihu tutar ƙabila ko tutar ɓangare, al'ummar da ikilisiyar duka biyu suna hasara. Tarihin Karen ya nuna wannan a fili, kuma ya nuna shi ta wurin iyali guda.

Yadda bishara ta same su

Mai bi na farko a cikin Karen sunansa Ko Tha Byu. Ɗan fashi ne a dā, shi da bakinsa ya ce yana da hannu a kisan mutum kusan 30. Bashi ya jefa shi cikin bauta, aka biya bashin, ya zauna a gidan ɗan mishan Adoniram Judson, wanda ya iso Bama a 1813. A 1828 George Boardman ya yi masa baftisma a garin Tavoy. Daga nan har mutuwarsa a 1840 ya bi ƙauyukan mutanensa da ƙafa yana wa'azi. Abin da ya buɗe masa ƙofa shi ne wani tsohon labari na kakanninsu game da Mahalicci mai suna Y'wa, da wani littafi da suka ɓatar wanda wata rana ɗan'uwa daga nesa zai komo musu da shi. Jonathan Wade ya tsara musu haruffan rubutu, Francis Mason kuma ya kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Sgaw a 1853, wato shekara 79 kafin mu sami namu cikakke da Hausa a 1932.

Sai dai mu riƙe abu ɗaya, domin sauran labarin ya rataya a kansa. Har yau Kirista 'yan tsiraru ne a cikin Karen. Mafi yawansu mabiya addinin Buda ne, wasu kuma suna kan addinin gargajiya. Amma da yake makarantun mishan sun fara ba masu bi ilimin boko, su ne suka zama malamai, likitoci, lauyoyi da hafsoshin soja. Turawan Ingila kuma sun fi ɗaukar Karen aikin soja a kan Bamawa, har suka yi amfani da su wajen murƙushe tawayen manoma na Saya San tsakanin 1930 da 1932. Bamawa ba su manta ba.

Bayahuden da ya zama ɗan gida

A 1939, a birnin Rangun, wani saurayi mai suna Moses Ben-Zion Koder ya auri wata budurwa 'yar Karen mai suna Naw Chit Khin. Shi Bayahude ne, danginsa na wajen uba 'yan kasuwa ne daga Cochin ta ƙasar Indiya, ya tashi maraya, daga baya ya karɓi bangaskiyar Kirista. Bayan auren sai aka san shi da Saw Benson. "Saw" laƙabin girmamawa ne da Karen suke sa wa mazajensu, kamar yadda suke sa wa mata "Naw". Wato mutanen matarsa sun ɗauke shi nasu, shi ma ya ɗauke su nasa.

Ba a daɗe ba wannan zaɓi ya fara neman farashinsa. A 1942 Japan ta mamaye Bama tare da rundunar 'yan kishin ƙasa ta Bamawa, aka karkashe Karen da yawa a yankin Myaungmya da na Papun, ana zarginsu da bin Turawa. Yawancin Yahudawan Rangun sun gudu Indiya a wannan shekara, da yawa ba su sake komowa ba. Iyalin Benson kuwa a Bama suka ci gaba da rayuwa, da jaririyarsu Louisa wadda aka haifa a 1941.

Bayan yaƙin duniya Karen da yawa sun ɗauka Ingila za ta saka musu da yanki nasu, tun da sun zubar da jini tare da ita. A 1946 suka aika wakilai London, suka komo hannu wofi. A Fabrairu 1947 aka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, KNU. Ranar 4 ga Janairu 1948 Bama ta sami 'yancin kai ba tare da an warware maganarsu ba. A jajiberin Kirsimeti na wannan shekara, 'yan sa-kai masu goyon bayan gwamnati suka auka wa masu sujada a majami'un yankin Palaw, suka kashe mutum kusan 80. A ƙarshen Janairu 1949 yaƙi ya ɓarke a Insein, a bakin Rangun, aka yi fiye da wata uku ana fafatawa.

A wannan lokaci biyayya ta raba Karen gida biyu. Babban kwamandan sojojin ƙasar na farko, Janar Smith Dun, ɗan Karen ne, ya tsaya kan rantsuwar da ya yi wa gwamnati, duk da haka aka sauke shi aka naɗa Ne Win. Shugaban KNU kuwa, Saw Ba U Gyi, lauya ne da ya yi karatu a Ingila har ya riƙe muƙamin minista, ya bar duk wannan ya shiga daji, aka kashe shi ranar 12 ga Agusta 1950. Ɗaya ya yi wa ƙasa aminci aka ƙi yarda da shi saboda ƙabilarsa. Ɗaya ya yi wa ƙabila aminci ya rasa ransa. Saw Benson, wanda ba digon jinin Karen a jikinsa, ya goyi bayan mutanen matarsa, gwamnati ta jefa shi kurkuku.

Duk wanda ya san littafin Rut zai gane wannan mutum. Rut 'yar Mowab ce, surukarta Na'omi ta sallame ta da kyakkyawar zuciya ta koma gidan iyayenta, inda abinci da sabon aure suke jiranta. Ta zaɓi ta bi gwauruwa matalauciya zuwa Baitalami, ta mai da mutanen Na'omi nata, Allahn Na'omi kuma Allahnta. Matiyu ya sa sunanta cikin asalin Yesu. Littafi Mai Tsarki bai taɓa koya mana cewa jini ne kaɗai ke sa mutum ya zama ɗan gida ba. Alkawari da ƙauna su ma suna yi, wani lokaci ma sun fi jini riƙe mutum a ranar wahala.

Daga kambi zuwa daji

'Yarsu Louisa ta girma cikin wannan tsaka-mai-wuya. A 1956 ta zama sarauniyar kyau ta Bama, ta sake zama a 1958. Ku duba abin: ƙasar da take yaƙi da mutanen uwarta, wadda ta ɗaure ubanta, ita ce take tafa mata, tana nuna ta a matsayin fuskar ƙasa. Ta yi karatu a jami'ar Tufts ta Amurka, ta fito a finafinai, hanyar jin daɗi a buɗe take a gabanta. A 1962 Ne Win ya yi juyin mulki. A 1964 Louisa ta auri Lin Htin, ɗaya daga cikin kwamandojin mayaƙan Karen. Shekara guda bayan haka sojojin gwamnati suka kashe shi, bayan ya riga ya shiga tattaunawar sulhu da gwamnatin. Gwauruwa mai shekara 24 ta karɓi jagorancin rundunarsa a daji. Ba ta tsira daga rikicin cikin gida ba, domin saɓani ya shiga tsakaninta da Bo Mya, wanda daga baya ya shugabanci KNU. A 1967 ta bar ƙasar zuwa Amurka, ta auri Glenn Craig, ta ci gaba da yi wa mutanenta magana a gaban duniya har rasuwarta a 2010. 'Yarta Charmaine Craig ta rubuta ƙagaggen labari a kan tarihin gidan, mai suna Miss Burma, a 2017.

Ba mu kawo Louisa domin mu ce kowane matakin da ta ɗauka daidai ne ba. Abin da ya kamata mu gani shi ne ta ƙi sayen zaman lafiyarta da musun mutanenta. Esta ta fuskanci irin wannan a fadar Farisa, lokacin da Mordekai ya tuna mata cewa shirunta ba zai cece ta ba. Manzo Bulus ma, a Romawa 9, ya bayyana baƙin cikin da yake ɗauke da shi kullum saboda danginsa na jiki. Don haka kada wani ya ce mana zama mai bi yana nufin mu daina jin zafin abin da ya sami al'ummarmu.

Inda bango ya tsage

Gwamnatin soja ta ɓullo da dabarar da ake kira "yanka huɗu": a yanke wa mayaƙa abinci, da kuɗi, da labari, da sababbin mayaƙa. A aikace wannan yana nufin ƙone ƙauyuka da rumbunan shinkafa, da tilasta wa manoma ɗaukar kayan soja, da korar mutane daga gonakinsu. Duk da haka, har farkon shekarun 1990 hedkwatar KNU, Manerplaw, a bakin kogin Moei, ta gagari sojojin gwamnati.

Abin da bindiga ta kasa yi, rashin adalci na cikin gida ya yi shi. Yawancin manyan shugabannin KNU Kirista ne, yawancin ƙananan sojojin da ke mutuwa a bakin daga kuwa mabiya Buda ne. Sun daɗe suna kukan cewa ana tsallake su wajen ƙarin girma, 'ya'yan manya suna karatu nasu suna ɗaukar bindiga, ana kuma raina addininsu. Da wani malaminsu mai suna U Thuzana ya soma gina wuraren ibada a yankin, shugabannin suka hana bisa dalilin tsaro, sai tsohon miki ya fashe. A Disamba 1994 sojoji mabiya Buda suka ɓalle suka kafa tasu runduna, DKBA, gwamnati ta rungume su. Su da suka san kowace ɓarauniyar hanya suka yi wa sojoji jagora, a Janairu 1995 Manerplaw ta faɗi. Daga baya aka ga Karen suna ƙone sansanonin gudun hijirar Karen a cikin Tailan.

Gaskiya ne gwamnatin soja ta hura wutar, ta kuma ci ribarta. Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu kwatanta da Ayyukan Manzanni 6. A ikilisiyar Urushalima masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana manta gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce masu kukan 'yan tada zaune tsaye ba ne, ba su kuma ce a yi shiru don kada maƙiya su ji ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenanci, aka danƙa musu aikin. Wato ɓangaren da ya yi kuka shi aka ba mabuɗin rumbu. Sakamakon shi ne maganar Allah ta ƙara yaɗuwa. Shugabannin Manerplaw suna da wannan sura a cikin harshensu tun 1853.

Bayan faɗuwar garin wani abin baƙin ciki ya biyo baya. A 1997 wasu tagwaye, Johnny da Luther Htoo, waɗanda ba su wuce shekara goma ba, suka zama shugabannin wata ƙungiyar mayaƙa da ta kira kanta Rundunar Allah. Mabiyansu sun gaskata harsashi ba ya kama yaran. A Janairu 2000 wasu 'yan bindiga masu alaƙa da ƙungiyar suka kame wani asibiti a Ratchaburi ta Tailan, aka kashe dukansu goma. A Janairu 2001 tagwayen suka miƙa kansu ga hukumomin Tailan. Wannan shi ne ƙarshen hanyar da ke ɗora sunan Allah a kan bindiga: yara ƙanana a gaban yaƙi, da camfi a madadin bangaskiya.

Abin da za a iya ce mana

Wani zai ce: ku kuna zaune kuna rubutu, su kuwa an jefa musu gurneti a cikin majami'a ranar jajiberin Kirsimeti, me kuke so su yi? Tambaya ce mai nauyi, kuma wasu a cikinmu sun binne 'yan'uwa bayan irin wannan hari. Ba mu da bakin hukunta manomin da ya tsaya a bakin ƙauyensa don kare 'ya'yansa. Gwamnatin da ke jefa bam a kan ƙauyuka, kamar yadda jiragen yaƙinta suka yi a yankin Papun a Maris 2021 bayan juyin mulkin 1 ga Fabrairu, ita ce ke ɗauke da babban alhaki, kuma wajibi ne ikilisiya ta faɗi haka da babbar murya. Maganarmu a kan wani abu ne dabam. Wanda ake zalunta ma yana iya zaluntar na ƙasa da shi, kuma tsananin da yake sha ba ya wanke shi daga wannan.

Tarihin Karen ɗin nan yana da mutanen da suka nuna wata hanya. A lokacin mamayar Japan wani hafsan Ingila, Manjo Hugh Seagrim, ɗan fasto, ya ɓuya a tuddan Karen yana shirya masu turjiya. Saboda tsawonsa suna kiransa Kaka Mai Dogayen Ƙafafu. Da Japan ta shiga azabtar da ƙauyuka don a nuna inda yake, sai ya miƙa kansa a Maris 1944 domin a ƙyale su. A gaban shari'a ya roƙa a ɗora masa laifin shi kaɗai a saki abokansa. Aka kashe shi a Rangun a Satumba 1944 tare da wasu daga cikinsu. Akwai kuma Padoh Mahn Sha, wanda ba Kirista ba ne, amma ya ƙi bin masu ɓallewa, ya zama babban sakataren KNU yana ƙoƙarin ɗinke ɓarakar, har 'yan bindiga suka harbe shi a gidansa a Mae Sot ranar 14 ga Fabrairu 2008. Baƙo ya ba da ransa domin mutanen da ba nasa ba. Wanda ba ya bin addinin shugabanni ya riƙe amanar da wasu masu bi suka yi wasa da ita. Ubangijinmu ya riga ya shirya mu don irin wannan mamaki a Luka 10, inda Basamariye ne ya zama maƙwabci.

Mu fa?

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ikilisiyoyinmu masu sujada da Hausa ƙabilu da yawa ne ke zama a benci ɗaya. Wasu cikinmu Hausawa ne na asali, 'yan tsiraru a cikin danginsu kamar masu bi na Karen, waɗanda a waje ake ce musu sun bar Hausanci, a cikin ikilisiya kuma wani lokaci ana yi musu kallon shakka saboda harshensu da sunayensu. Wannan kallon zunubi ne. Mutanen Naw Chit Khin sun iya sa wa Bayahude "Saw" a gaban suna, mu da aka fanshe mu da jini ɗaya ba mu da hujjar ƙin ɗan'uwa saboda garin da ya fito.

Mu duba zumuntarmu da idon gaskiya. A zaɓen shugabannin matasa na ƙarshe, ƙabilu nawa ne suka sami kujera? Su wa ke share majami'a da ɗaukar benci, su wa ake turawa babban taro? Idan wani ɓangare ya yi gunaguni, muna saurara kamar manzanni, ko muna cewa suna so su raba ikilisiya? A gida kuma, da yawa muna da kawu ko gwaggo ko abokin wasa Musulmi ko mai bin gargajiya. Zumunta a ƙafa take. Ranar da muka daina zuwa sunansu da jana'izarsu, muka fara kiransu "su" a saƙonnin da muke turawa a WhatsApp, mun fara tsaga bangonmu da hannunmu.

Bulus ya ce wa Filibiyawa, mutanen da ke alfahari da zama 'yan Roma, cewa ainihin ƙasarsu tana Sama. Irmiya kuma ya umarci waɗanda aka kai bauta Babila su nemi zaman lafiyar birnin da ya ci su da yaƙi, su yi masa addu'a. Waɗannan biyu su ne ke jera mana biyayya. Almasihu ne na fari. Daga gare shi muke koyon ƙaunar al'ummarmu har mu sha wuya dominta, daga gare shi kuma muke samun ƙarfin ce mata a'a ranar da ta nemi mu ƙi maƙwabci ko mu danne na ƙasa da mu.

Yau dubban Karen suna zaune a sansanoni tara a kan iyakar Tailan. Mafi girma, Mae La, an kafa shi tun 1984, akwai waɗanda aka haifa a ciki har suka haifi nasu 'ya'yan a ciki. Wasu an kai su Amurka, musamman birnin St. Paul na jihar Minnesota, da Ostareliya da Turai, inda iyaye ke fama don 'ya'yansu su riƙe harshe da bangaskiya. Mu tuna da su a wannan mako.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka dubi mutanen Karen da dukan al'ummomin Myanmar, ka tsayar da hannun masu zalunci, ka komar da 'yan gudun hijira gonakinsu. Ka ba ikilisiyarka a can da a nan shugabanni masu jin kukan na ƙasa. Ka tsare mu daga ɗora sunanka a kan ƙiyayyarmu, ka koya mana amincin Rut da adalcin manzanni. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.